Tattaki a bakin teku: Yadda dattijo zai zaɓi hanyar da ta dace da ƙarfinsa a ƙasashen waje

A ƙasashen Turai da wasu sassan Afirka da Asiya akwai wani nau'in yawon buɗe ido da ya samu karɓuwa a wurin waɗanda suka ba shekara sittin baya, wato tattaki a kan turbobin da ke bin gaɓar teku. Mutum zai sauka a wani ƙaramin gari, ya taka kilomita biyar ko goma da hantsi, ya ci abincin rana a ƙauyen masunta, sannan ya hau bas ko jirgin ƙasa ya koma masaukinsa. Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya yi ritaya, wanda tafiyarsa waje ba ta wuce sarin kaya ko taro ko ganin likita ba, wannan wata ƙofa ce ta hutu mai amfani ga jiki.

Sai dai kalmar "bakin teku" tana yaudara. Wanda ya ji ta zai zaci fili ne shimfiɗaɗɗe, alhali wasu daga cikin waɗannan hanyoyi sun fi hawan dutse wahala. Abin da ke sa hanya ta yi wa dattijo daidai abu uku ne: yawan hawa da gangarar da ke cikinta, irin ƙasar da ƙafa za ta taka, da kuma samun mafita idan gajiya ta zo. Tsawon hanyar yana zuwa ne a bayan waɗannan.

Asalin waɗannan hanyoyi

Yawancinsu ba don shaƙatawa aka buɗe su ba. A Faransa, hanyar da ta zagaye yankin Bretagne ta samo asali ne a shekarar 1791, lokacin da aka ɗora wa jami'an kwastan sintiri a gaɓar teku don tare 'yan fasa-ƙwauri. Haka nan a kudu maso yammacin Ingila, masu gadin gaɓa ne suka tattake turbar, domin aikinsu ya buƙaci su leƙa kowane lungu da jirgin ruwa zai iya ɓuya. A Fotugal kuwa masunta ne suka fitar da tasu wajen neman wuraren jefa ƙugiya.

Wannan tarihi ya bayyana siffar hanyoyin. Mai sintiri ba ya yanke. Duk inda rafi ya tsaga dutse ya shiga teku, sai ya gangara har ƙasa ya sake haurawa. Shi ya sa babbar hanyar Ingila, mai tsawon kilomita 1,014, idan aka tara hawan da ke cikinta yakan kai kimanin mita 35,000, wato kusan ninki huɗu na tsayin dutsen Everest. Babu wanda ya ce dattijo ya taka ta duka. Hikimar ita ce a tsinci guntun da ya kwanta, a bar sauran ga matasa.

Yadda ake auna hanya

Tsohon ma'aunin da masu tattaki ke amfani da shi wani ɗan ƙasar Sikotlan ne mai suna William Naismith ya tsara shi a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita biyar, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Ke nan hanya mai kilomita 10 da hawan mita 300 za ta ci awa biyu da rabi. Wannan lissafin mai jini a jika ne wanda ba ya tsayawa. Dattijo ya ware mata awa uku da rabi zuwa huɗu. Don a gane girman mita 300, a tuna hawa ɗaya na bene kimanin mita uku ne. Wato kamar mutum ya hau bene mai hawa ɗari ne a rarrabe, kuma ya sauko. Saukowar ce ta fi cin gwiwa.

Ga wanda bai saba da lissafin kilomita a ƙafa ba, akwai ma'auni na kusa: wanda ya yi sa'ayi tsakanin Safa da Marwa da ƙafarsa ya taka kimanin kilomita uku a kan shimfiɗaɗɗen daɓe. Idan ya gama ba tare da haki ba, kilomita biyar zuwa takwas a rana a kan hanya mai kwanciya ba za su gagare shi ba, muddin ya yi shiri.

Ƙasar da ake takawa ma tana da nata hukunci. Daɓen siminti da shimfiɗar katako su ne mafi sauƙi. Yashi mai laushi yana nutsar da ƙafa, ya gajiyar da sha-raɓa ninki biyu. Tsakuwa a kan gangara ita ce ke kayar da mutane. Sai kuma mafita: hanyar da jirgin ƙasa ko bas ke bi kusa da ita ta fi wadda sai an kai ƙarshe kafin a ga mota.

Ingila: daga Penzance zuwa Marazion

Babbar hanyar kudu maso yamma, wadda ake kira South West Coast Path, ta tashi daga Minehead ta ƙare a Poole, kuma alamarta hoton ɗan itacen oak ne a jikin turaku. Guntun da ya fi dacewa da sabon shiga shi ne wanda ke tsakanin Penzance da Marazion a yankin Cornwall, kimanin kilomita biyar, a kwance yake daga farko har ƙarshe, kuma bas na zirga-zirga tsakanin garuruwan biyu. Daga Landan, jirgin ƙasa yana kai mutum Penzance cikin awa biyar da 'yan kai.

A gaban Marazion akwai tsibirin St Michael's Mount, mai tsohuwar fada a kansa. Idan teku ya janye, wata hanyar duwatsu takan bayyana a taka zuwa tsibirin. Idan ya dawo sai ta nutse. Ana liƙa lokutan buɗewarta kullum, kuma da su ake aiki. Wanda ya fi son hanya mai nisa ba hawa, sashen da ke tsakanin Braunton da Barnstaple da Bideford a arewacin Devon yana bin tsohon layin dogo ne. Daga Mayu zuwa Satumba ne lokacin da ya fi kyau, amma ko a tsakiyar bazararsu ruwan sama da iska mai sanyi ba sa sallama.

Faransa: hanyar 'yan kwastan

Hanyar Bretagne, mai lamba GR 34, ta haura kilomita 2,000 daga Mont-Saint-Michel zuwa Saint-Nazaire, an yi mata alama da fenti ja da fari. Wata doka ta 1976 ta tilasta wa masu filaye a bakin teku su bar wa masu tafiya a ƙasa faɗin mita uku, abin da ya taimaka wajen haɗe hanyar.

Sashen da ya fi shahara kuma ya fi sauƙi yana tsakanin Perros-Guirec da Ploumanac'h, kimanin kilomita huɗu daga bakin ruwan Trestraou. Turbar tana da faɗi, hawanta kaɗan ne, kuma tana ratsa manyan duwatsu masu launin ja-ja waɗanda iska da ruwa suka sassaƙa. Tashar jirgin ƙasa mafi kusa tana garin Lannion. Abin kiyayewa a wannan yanki shi ne ƙarfin cikar teku: a mashigar Mont-Saint-Michel bambancin tsayin ruwa tsakanin cika da janyewa yakan haura mita goma, kuma ba a shiga yashin wurin sai da ɗan jagora.

Italiya: ƙauyuka biyar na Cinque Terre

Monterosso da Vernazza da Corniglia da Manarola da Riomaggiore ƙauyuka ne da ke maƙale a jikin duwatsu a yankin Liguria. Hukumar UNESCO ta sanya su cikin wuraren tarihi na duniya a 1997. Hanyar da ta haɗa su kimanin kilomita 12 ce kacal, kuma nan ne aka fi ganin yadda gajeriyar hanya ke wahalar da mutum. Tsakanin Monterosso da Vernazza bai kai kilomita huɗu ba, amma yana cin kusan awa biyu saboda ɗaruruwan matakalan dutse marasa daidaito. Daga tashar jirgin Corniglia zuwa cikin ƙauyen kaɗai matakala ce fiye da 370, ko da yake akwai ƙaramar bas.

Dattijo yana da zaɓi biyu masu sauƙi. Na farko shi ne Via dell'Amore, daɓaɓɓiyar hanya mai kimanin kilomita ɗaya tsakanin Riomaggiore da Manarola. An rufe ta a 2012 sakamakon zaftarewar dutse, aka sake buɗe ta a 2024, kuma yanzu sai da tikiti mai ƙayyadadden lokaci. Na biyu shi ne tsohon layin dogo da aka mayar hanyar ƙafa da keke daga Levanto zuwa Bonassola da Framura, kimanin kilomita biyar zuwa shida, a kwance, yana ratsa ramukan dutse masu sanyi. Jirgin ƙasan da ke kai-komo tsakanin La Spezia da Levanto yana tsayawa a kowane ƙauye. Hukumar gandun ta hana hawa turbobin dutsen da silifa. Watannin Yuli da Agusta akwai zafi da cunkoso. Afrilu da Mayu da ƙarshen Satumba sun fi.

Fotugal: katako a arewa, yashi a kudu

A arewacin Fotugal, daga Matosinhos da ke gefen birnin Porto zuwa Vila do Conde, kimanin kilomita 20, mafi yawan hanyar shimfiɗar katako ce a kan tudun yashi, tana bi ta ƙauyukan masunta. Ana iya raba ta kwana biyu ko uku, kuma jirgin cikin birni na Porto yana zuwa duka garuruwan biyu. Ga mai ciwon gwiwa, da wuya a samu wadda ta fi ta.

A kudu maso yamma kuma akwai Hanyar Masunta, wani reshe na Rota Vicentina da aka buɗe a 2012. Tsawonta ya haura kilomita 220, an kasa ta zango 13, alamarta shuɗi da kore. Zangunan da aka fi bi su ne daga Porto Covo zuwa Vila Nova de Milfontes da Almograve da Zambujeira do Mar har Odeceixe, kowanne tsakanin kilomita 15 da 22. Kyawunta ba ya misaltuwa. A yankin Cabo Sardão har wani farin nau'in shamuwa ke sheƙa a kan duwatsun da ke tsaye cikin teku. Amma fiye da rabin hanyar yashi ne, inuwa kaɗan ce, kuma tana bin bakin hayi mai zurfi, don haka ba ta dace da mai jiri ko tsoron tsayi ba. Wanda ke son ganinta ya zauna a Milfontes ko Zambujeira, ya taka awa ɗaya ya juyo.

Turkiyya: hanyar Likiya

Wata Baturiyar Ingila mai suna Kate Clow ce ta tsara wannan hanya, aka buɗe ta a 1999. Ta tashi daga kusa da Fethiye zuwa kusa da Antalya, fiye da kilomita 500, tana ratsa kufan biranen mutanen Likiya na dā. Akasarinta duwatsu ne masu kaifi da hawa mai tsanani, kuma akwai karnukan makiyaya a wasu wurare. Duk da haka tana da wuraren da dattijo zai more. A Çıralı ana bin bakin ruwa kimanin kilomita uku zuwa kufan birnin Olympos. A bayan ƙauyen akwai Yanartaş, inda wuta ke fitowa daga tsagar dutse tun dubban shekaru saboda iskar gas da ke ƙarƙashi. Hawansa kimanin kilomita ɗaya ne na matakalan dutse, sai a bi a hankali. A Patara kuma akwai rairayi mai tsawon kusan kilomita 18 kusa da kufan tsohon birnin.

Jirage na tashi daga Abuja da Legas kai-tsaye zuwa Santambul, daga nan a sauya zuwa Dalaman ko Antalya. Masallatai da abincin halal ba abin nema ba ne a can. Maris zuwa Mayu, da Oktoba zuwa Nuwamba, su ne lokutan tattaki.

Afirka ta Kudu: turbar Hermanus

Garin Hermanus yana da nisan kimanin kilomita 120 daga Cape Town. Turbarsa ta bakin hayi kimanin kilomita 12 ce daga sabuwar tashar jiragen ruwa zuwa yankin Grotto, tana manne da gari, da bencina a kai a kai, kuma an daɓe wasu sassanta har keken guragu na iya bi. Kusan ko'ina mutum ya gaji, titi na kusa. Daga Yuni zuwa Nuwamba manyan dabbobin tekun nan da ake kira wel sukan shigo mashigar don haihuwa, ana ganinsu daga tudu ba sai an hau jirgi ba. Garin ma yana da sanƙira na musamman mai busa ƙaho don shelar inda aka hango su. A tuna yanayin can a juye yake: Yuni da Yuli ne tsakiyar sanyinsu. Kuma an fi son a yi tafiyar da rana, cikin jama'a.

Sanin halin teku

Ga wanda ya tashi nesa da teku, wannan ne darasin da ya fi muhimmanci. A gaɓar Atlantika, ruwa yana cika sau biyu ya janye sau biyu cikin kimanin awa 24 da minti 50, wato awa shida da 'yan mintuna tsakanin janyewa da cika. Cikar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, lokacin da ya cika. Rairayin da aka bi da hantsi yana iya zama ƙarƙashin ruwa da azahar, kuma ruwan yakan zagayo ta bayan mutum ya tare masa hanya. Ofisoshin yawon buɗe ido da masaukai suna da jadawalin kowace rana. A Bahar Rum, wato Italiya da Turkiyya, wannan motsi kaɗan ne.

Bakin hayi kuma yana zaizayewa daga ƙasa, inda ido ba ya gani. Kada a bar turba don ɗaukar hoto, kada a zauna a gindin hayi. Lambar neman agaji a Tarayyar Turai da Turkiyya ita ce 112. A Birtaniya 999, a nemi masu gadin gaɓa.

Shirin jiki da kaya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama su riƙa motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, tare da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku. Mai niyyar tattaki ya fara wata biyu ko uku kafin tafiya: minti ashirin bayan asuba, yana ƙarawa har ya iya awa biyu a jere, yana haɗawa da hawan matakala.

Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya ya ga likitansa tukuna. Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, kuma iskar teku tana busar da gumi har mutum bai san ya rasa ruwa ba. Mai ciwon suga ya riƙe dabino ko alewa a aljihu, ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, domin ƙaramar kumbura tana iya zama gyambo. Magunguna su kasance cikin kwalinsu na asali tare da takardar likita, a jakar hannu. Masu ɗauke da tiramadol ko kodin suna ƙarƙashin doka mai tsauri a ƙasashe da yawa.

Takalmi ya zama sau-ciki mai kaushin ƙasa, wanda aka riga aka saba da shi a gida. Sandunan dogarawa guda biyu suna rage wa gwiwa nauyi a gangara. A tanadi rigar ruwa da rigar sanyi mara nauyi da hula. Babbar riga da doguwar abaya suna kama iska a bakin hayi kuma suna harɗe ƙafa a matakala. Kaftani gajere da wando, ko riga da wando mai yalwa da hijabi matsakaici, sun fi aminci.

Biza da masauki da abinci

Faransa da Italiya da Fotugal suna cikin yankin Shengen, biza ɗaya ta wadatar. Sharuɗɗanta sun haɗa da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da fasfo mai sauran aƙalla wata uku bayan ranar fita. Kuɗinta Yuro 90 ne tun daga Yunin 2024, kuma ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Birtaniya da Turkiyya da Afirka ta Kudu kowacce da tata bizar, kuma Afirka ta Kudu tana neman katin rigakafin shawara daga wanda ya taso daga Najeriya. Wajen sayen inshora a bayyana duk ciwon da ake fama da shi, kuma a duba iyakar shekaru, domin ɓoye ciwo yana soke biyan diyya.

Tsarin masauki iri biyu ne. Ko dai a zauna a gari ɗaya ana fita ana dawowa, ko a riƙa sauya gari kullum, kamfani yana kai jakunkuna masauki na gaba. Na farkon ya fi arha kuma ya fi dacewa da dattijo, domin ranar da jiki ya ƙi ko hadari ya taso sai a huta ba a yi asarar komai ba. Bayan kowane kwana biyu na tafiya a sanya ranar hutu ɗaya.

Kifi ne abincin waɗannan garuruwa, abin da ke sauƙaƙa wa Musulmi. Amma a riƙa tambaya, domin ana dafa wasu kayan teku da giya a Faransa da Italiya, kuma a kudancin Fotugal akwai sanannen girki da ke haɗa naman alade da ƙumbar teku. A Ingila da arewacin Faransa, rana ba ta faɗuwa a watan Yuni sai bayan ƙarfe tara na dare, don haka a nemi jadawalin salla na garin da aka sauka.

A taƙaice, wanda zai fara ya fara da Hermanus ko Porto ko Penzance, inda ƙasa ke kwance kuma mota ke kusa. Idan jiki ya amsa, Ploumanac'h da Levanto da Çıralı na nan a karo na biyu. Yashin Hanyar Masunta da matakalan Vernazza sai wanda ya gwada kansa ya tabbatar. Kada a tafi shi kaɗai, a shaida wa mai masauki inda aka nufa da lokacin dawowa, kuma a juyo tun da sauran ƙarfi. Sannu ba ta hana zuwa.